Laifi Tudu Ne: Mu da 'Yan'uwanmu Maguzawa

Jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai 'yan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi



Sa'ad da aka ɗora mana nauyin yin jawabi a wannan rana, abin da aka ce mu yi magana a kansa shi ne yadda waɗansu ƙasashe suka fito fili suka amsa laifin da suka yi wa mutanen da suka tarar a ƙasa, watau 'yan asali, da kuma yadda suke ƙoƙarin sasantawa da su. Da farko mun yi murna, don mun ɗauka aiki ne mai sauƙi. Mu shiga ɗakin karatu, mu kwaso labarin Turawan Ostireliya da na Kanada, mu zo mu zazzage muku, a tafa mana, kowa ya kama gabansa yana Allah wadai da Bature. Amma da muka yi nisa cikin karatun sai jikinmu ya yi sanyi, domin duk shafin da muka buɗe sai mu ga kamar da mu ake. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, muna roƙon ku yi haƙuri da mu, za mu hango na wani kaɗan, sa'an nan mu sunkuya mu dubi wanda muke tsaye a kansa.

A shekarar 1788 ne jiragen ruwan Ingila suka sauke mutanensu na farko a gaɓar Ostireliya. Sun tarar da mutane baƙaƙe waɗanda kakanninsu suka shekara fiye da dubu 50 a wannan ƙasa, da harsunansu ɗaruruwa, da dokokinsu, da wuraren ibadarsu. Duk da haka sai shari'ar Ingila ta ɗauka cewa ƙasar ba ta da mai ita, kamar an tsinci dami a kala. A kan wannan ƙarya aka ƙwace filaye, aka karkashe jama'a, sa'an nan daga wajen 1910 har zuwa wajen 1970 hukuma ta riƙa ɗauke 'ya'yansu daga hannun uwayensu da ƙarfin doka, tana kai su gidajen marayu da gidajen Turawa, wai don a wayar da su. Sai a ranar 3 ga Yuni 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe waccan ƙarya, cikin ƙarar da wani mutum mai suna Eddie Mabo ya shigar, shi kuwa ya rasu 'yan watanni kafin a yanke hukuncin. A 1997 aka fitar da rahoton bincike a kan yaran da aka raba da iyayensu. Firayim Minista na lokacin, John Howard, ya ƙi neman gafara da sunan gwamnati, hujjarsa ita ce mutanen yau ba su ne suka yi laifin jiya ba. Ku riƙe wannan hujja, za mu sake gamuwa da ita a gida. Sai ranar 13 ga Fabrairu 2008 magajinsa, Kevin Rudd, ya miƙe a zauren majalisa ya nemi gafara, tsofaffin da aka sace suna yara suna zaune suna kuka. A watan Yuni na wannan shekara Firayim Ministan Kanada, Stephen Harper, ya yi irin haka game da yara kimanin 150,000 da aka tsare a makarantun kwana don a kashe musu harshe da al'ada.

Kada a ɗauka magana ta ƙare a nan. A watan Oktoba 2023 aka tambayi mutanen Ostireliya ko sun yarda a kafa wa 'yan asali wata majalisar ba da shawara cikin tsarin mulki, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a. Ashe faɗin "mun yi laifi" ya fi sauƙi bisa ga matsawa a ba wani wurin zama. Amma dai sun faɗa, kuma an rubuta, yaransu suna karantawa a makaranta.

To, mu fa? Wa muka tarar a ƙasa?

Akwai mutane a wannan jiha tamu waɗanda idan an ambaci sunansu a zaure sai a yi murmushi, watau Maguzawa. Sun fi yawa a kudu, wajen Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara da Musawa da Matazu, haka kuma a ƙasar Kano da ta Zazzau, amma ba wanda ya tashi a karkarar Dutsin-Ma ko Kurfi da zai ce bai san gidajensu ba, ko bai san gidan da ake raɗa cewa kakansu Bamaguje ne ba. A nan ne lamarinmu ya bambanta da na Ostireliya, kuma wajibi ne mu faɗi bambancin tun da wuri don kada a ce mun haɗa abin da ba ya haɗuwa. Can baƙo ne ya ƙetaro teku ya danne ɗan gida. Nan kuwa babu teku, babu bambancin fata, babu ma bambancin harshe. Bamaguje Bahaushe ne tsantsa, Hausar bakinsa ta fi tamu tsabta, sunayensa su ne Nomau da Ranau da Tanko da Shekarau, waɗanda muke ji a bakin kakanninmu. Abin da ya raba mu da shi ɗaya ne: da Musulunci ya shigo, tun zamanin Sarkin Kano Yaji a ƙarni na 14 da Sarkin Katsina Muhammadu Korau a ƙarni na 15, kakannin waɗansunmu suka karɓa, nasa suka tsaya a kan abin da suka gada. Saboda haka idan muka raina shi, tushen kanmu muka raina. Kuma idan kun ji mun ce "mu" cikin wannan jawabi, muna nufin mu Musulmi masu rinjaye, Hausawa da Fulani baki ɗaya, ko da yake mun san a cikin wannan ɗaki akwai jikokin waɗanda muke magana a kansu, suna saurare, suna auna mu.

Mu tsaya a kan sunan kansa. A bakin yara da 'yan kasuwa, wai Bamaguje shi ne mai gudun salla. Masana tarihi, irin su Murray Last, sun fi karkata ga cewa kalmar ta fito ne daga Larabci, daga Majusu, watau mabiya tsohon addinin Farisa. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce. Ya tabbata cewa Sayyidina Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓa daga Majusawan Hajar. Ma'anar karɓar jiziya ita ce mutum ya zama ɗan amana: jininsa da dukiyarsa da iyalinsa sun haramta, ba a bautar da shi, ba a tilasta masa barin addininsa. Ke nan malaman ƙasar Hausa na dā, da suka kira waɗannan manoma da wannan suna, rigar kariya suka sa musu. Sunan da muke zagi da shi yau, asalinsa alkawari ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce, an cika alkawarin?

Gaskiya ita ce an cika wani sashe. Ba mu zo nan don mu shafa wa magabata baƙin fenti ba. Bayan jihadi, sa'ad da Malam Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji suka ci Katsina wajen 1807, ba a share Maguzawa daga doron ƙasa ba kamar yadda aka yi wa waɗansu al'ummu a waɗansu nahiyoyi. Sun ci gaba da zama a manyan gidajensu na gandu, suna noma maza da mata, suna yanka wa iskokinsu, suna kiyaye kan gidansu, suna da Sarkin Noma da Sarkin Arna masu tsaya musu a gaban hakimi. Ba'amurken nan Joseph Greenberg, wanda ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya same su da addininsu a raye, sun kuma san Allah shi ne mahalicci. Rumbunansu sun ciyar da birane. Sau nawa Musulmin gari ya ci bashin hatsi a gidan Bamaguje da bazara, ba takarda ba shaida, don kowa ya san ba ya ƙarya ba ya cin amana? Wannan ma a bakin iyayenmu muka ji.

Amma amana ce irin ta mai doki da mai tafiya ƙasa. Ɗan amana yana biya, ba ya mulki. Iyakar sarautarsa ita ce ta tattara kuɗin 'yan'uwansa ya miƙa. Idan ya yi shari'a da Musulmi, a gaban alƙalin Musulmi za a yi, shaidarsa kuma ba ta kai ta abokin shari'arsa nauyi ba. Ga kuma yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, bayan sarakunan Haɓe sun koma arewa sun kafa Maraɗi, aka shekara da shekaru ana kai hari ana ramawa, har yammacin ƙasar nan wajen Ruma ya zama kufai. A ranar hari mahayin doki ba ya tsayawa tambayar wane ne ɗan amana. Musulmin da aka kama yana da kalmar shahada da zai kafa hujja da ita, wataƙila a saurare shi. Wanda ba ya salla fa, wa zai tsaya masa a kasuwar bayi?

Da Turawa suka zo a 1903 sai suka tarar da wannan tsari suka ɗaure shi da igiyar En'e. Sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka daɗe suna hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Makarantun En'e kuwa a garuruwan hakimai aka gina su, 'ya'yan sarakuna da na malamai da na bayin sarki aka fara ɗiba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta haifi su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, muna alfahari da ita, amma ku nemo mana ɗan Bamaguje a cikin rajistarta. Sai ya zama manomin da ya fi kowa cika rumbu, ya fi kowa biyan haraji a kan kari, shi ne na ƙarshe wajen ganin allo da asibiti. Harajin nan bai sauka daga wuyan talaka ba sai a 1979, zamanin Gwamna Balarabe Musa, lokacin muna cikin Jihar Kaduna. Da yawa daga gidajen Maguzawa ba su ga aji ba sai bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ko kuwa a hannun 'yan mishan, waɗanda aka fara sakar wa mara ta hanyar jinyar kutare, kamar a Babbar Ruga kusa da Katsina, daga nan suka kutsa karkara. Yau idan muka zauna muna mamakin abin da ya sa da yawansu suka bi coci, sai mu tambayi kanmu wa ya fara kai musu alli da allura, mu kuwa muna maƙwabtaka da su shekara ɗari biyar.

Sai kuma zamanin 'yancin kai, da rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi daga 1963 zuwa 1965. A nan muna so a fahimce mu da kyau. Kiran mutum zuwa ga addini ba laifi ba ne, mu a wurinmu ma alheri ne mafi girma. Abin dubawa shi ne kiran da ya zo tare da jiniyar gwamnati, da hakimi a gaba, da dogarai a baya, da dagacin da ke son a rubuta cewa ƙasarsa ta fi ta maƙwabcinsa yawan waɗanda suka tuba. Talakan da ya saba ganin rawani ya faɗi ya yi gaisuwa, ta yaya zai ce a'a? An raba riguna da tasbaha, motoci suka tashi, ƙura ta lafa, aka bar mutane da yawa ba malamin da zai koya musu ko da alwala. Mafi ciwo kuma, wanda ya karɓa da zuciya ɗaya, ya bar giya, ya bar tsafi, ya rabu da danginsa saboda mu, me muka kira shi? Tubabbe. Ɗansa ɗan tubabbe. Jikansa ya sauke Alƙur'ani, ya zo neman aure a gidanmu, sai tsofaffi su ce a bincika asali. Mun ce ya shigo, ya shigo, mun bar shi a soro.

Kada mu fake da tarihi, mu zo kan abin da idonmu ya gani. Da yawanmu mun tashi a gidajen da ake ajiye wata moɗa daban a gindin randa, ko wani tsohon gwangwani, saboda in Bamaguje ya kawo itace ko dawa ya nemi ruwa. Hatsin da ya noma da hannunsa mun ci, ba mu ce yana da ƙazanta ba, amma bakinsa bai isa ya taɓa moɗarmu ba. Mun yi dariya da labaran Bamaguje da liman, Bamaguje da azumi, waɗanda a cikinsu kullum shi ne wawa. Idan yaro ya yi rashin kunya mun ce masa arne. A makarantar sakandare mun zauna aji ɗaya da wani yaro shekara uku, muna kiransa da sunan Musulmi, sai ranar da mahaifinsa ya kawo masa ziyara muka ji ya kira shi da wani suna dabam. Ashe sunan aro ya ɗauka tun daga bakin ƙofa don ya samu ya sha ruwa da mu lafiya. Da asirinsa ya tonu bai ƙara cin abinci a kwanonmu ba, mu ma ba mu ce ya dawo ba. Muna tuna wannan da kunya.

Kuma ku yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunku in Allah ya yarda, ga wadda ta shafe mu kai tsaye. Wani abokin karatunmu ya je wani ofis neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ba a samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai da ita. Akawun ya dubi sunansa, ya dube shi, ya ce ya koma jiharsu ya karɓo. Yaron nan kakan kakansa a ƙasar aka binne shi, ba shi da wani harshe sai Hausa, ba shi da wata jiha sai wannan. Sai da ya yi sawu huɗu, ya ɗauko mai unguwarsu, kafin a sa hannu. Ba doka ce ta hana shi ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addini, har ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Abin da ya hana shi wani tunani ne da ke zaune a kan akawun, cewa Bahaushe ba ya zama komai sai Musulmi, wanda duk ba haka ba baƙo ne. Irin waɗannan koke-koke, na takardar asali, da filin gina wurin ibada, da malamin addininsu a makarantun gwamnati, su ne ƙungiyarsu ta Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta daɗe tana kaiwa gaban hukuma. A ƙarshen 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko na Katolika a Katsina. Ko muna so ko ba mu so, ɗan jiharmu ne, kuma da Hausa yake mafarki.

Mun san abin da waɗansu ke faɗa a zuci yanzu. Na farko, ai ba mu muka yi ba. Hujjar John Howard ke nan ta iso Dutsin-Ma. Gaskiya ne ba mu muka karɓi jiziya ba, ba mu muka kai hari ba, kuma addininmu ya koya mana cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin wani. Amma wanda ya ci gado shi ke biyan bashin mamaci, kafin ma a raba. Mun gaji makarantun da aka gina a garuruwanmu aka tsallake nasu, mun gaji kujerun da iyayenmu suka samu saboda sun riga su karatu da shekara hamsin. Moɗar nan kuwa da sunan nan na tubabbe ba na kakanni ba ne, namu ne, da hannunmu da bakinmu.

Na biyu, wai tone-tone zai ta da fitina. Wannan tsoro yana da dalili, ba mu raina shi ba. Muna ganin waɗansu a Facebook da TikTok, masu kiran Hausa zalla, sun ɗauki sunan Maguzawa sun mai da shi sanda don dukan Fulani, suna cewa duk abin da ya faru tun 1804 mamayar wata ƙabila ce a kan wata. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana nuna cewa tarihin Katsina bai karanta haka ba, akwai Hausawa a rundunar jihadi, akwai Fulani da suka ƙi ta. Kuma raina Bamaguje bai san ƙabila ba, Bahaushe Musulmi ya yi, Bafulatani ya yi. Amma ku lura, abin da ya ba masu wannan kira kasuwa shi ne shirunmu. Maganar da masu hankali suka ƙi yi a zaure, mahaukata za su yi ta a kasuwa. Miki in an rufe shi da tsumma ba ya warkewa, ruɓa yake.

Mu da muke Musulmi ma bai kamata a koya mana wannan daga Kanbera ba. Tun a makarantar allo da ta Islamiyya aka karantar da mu sharuɗɗan tuba: mutum ya daina laifin, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. Idan kuma laifin ya shafi haƙƙin wani ɗan Adam, akwai na huɗu, watau ya mayar da haƙƙin ko ya nemi mai shi ya yafe. Malamai ba su ce sai in mai haƙƙin Musulmi ne ba. Hasali ma akwai gargaɗi mai tsanani a hadisi game da wanda ya zalunci ɗan amana. Abin da Turawa suka shekara ɗari biyu kafin su gano, yana nan cikin littattafan da ke kan tabarmar malamanmu. Kuma a lura da jerin: dainawa ce farko. Neman gafarar da ba a daina laifin ba, wasa ne da hankalin mutane.

Ƙasarmu ba ta saba da irin wannan ba, shi ya sa yake mana nauyi. A 1999 Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Oputa don binciken zaluncin da aka yi zamanin soja. Mutane suka zo suka yi kuka a gaban talabijin, aka miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi da hannunta ba. A nan jiharmu kuwa mun ga sulhu iri-iri. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga daji da kansa ya zauna da 'yan bindiga, aka yi musafaha, aka ɗauki hotuna. Ba mu zo yanke hukunci a kan wannan ba, mutanen Kurfi da Safana da Batsari sun fi mu sanin zafin abin, kuma wanda wuta ke ci ba a gaya masa inda zai nemi ruwa. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, mun iya shimfiɗa tabarma ga wanda ya ɗauki bindiga ya ƙone mana rumbu, amma ba mu taɓa shimfiɗa ta ga maƙwabcin da bai taɓa ɗaga mana ko sanda ba. Wane darasi muke koya wa masu haƙuri? Ga shi kuwa 'yan bindigar nan ba su tambayi addinin kowa ba, gidajen Maguzawa da ke nesa da gari sun sha hari kamar na kowa, sun tsere sun bar gonakin da suka gada kamar kowa.

Ba mu da ikon tsayawa a majalisa mu nemi gafara da sunan jiha, wannan na masu rawani ne da masu kujera, kuma muna fata wata rana a samu mai ƙarfin zuciyar yi. Amma akwai abin da ke hannunmu. Yawancin waɗanda ke wannan ɗaki nan da 'yan shekaru su ne akawu, su ne malaman makaranta, su ne ma'aikatan jinya da na gona da masu rajistar kotu. Takardar asali a teburinmu za ta biyo. Jerin ƙauyukan da za a haƙa wa rijiya ko a kai wa taki, mu za mu rubuta shi. Yaron da ya ɓoye sunansa a ajinmu zai zauna. Ba sai an kafa kwamiti ba kafin mu sa hannu a takardar wanda ya cancanta a zuwansa na farko, ko mu hana yara kiran ɗan'uwansu arne a filin makaranta, ko mu gaya wa iyayenmu mata, cikin ladabi, cewa moɗa ɗaya ta isa.

Sa'an nan akwai aikin da ya dace da ɗalibai musamman, wanda kuma lokaci ke ƙure masa. Tsofaffin da suka san tsohon addini da idonsu, suka san buɗar dawa da bikin cin dubu na Sarkin Noma, suka san ranar da motocin rangadi suka zo ƙauyensu da abin da aka ce musu, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin kunya ne a ce wanda yake son sanin wannan sashe na tarihinmu sai ya nemi littafin Greenberg na 1946 ko maƙalar Jerome Barkow ta 1973, da Turanci, alhali ga jami'a a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Isa Kaita, ga waya mai ɗaukar murya a aljihun kowannenmu. Rahoton Ostireliya na 1997 bai fara da jawabin Firayim Minista ba, ya fara ne da mutane suka zauna suka saurari ɗaruruwan waɗanda abin ya shafa. Shawararmu ita ce a hutun da ke tafe mu fita bibbiyu, Musulmi ɗaya da ɗan gida ɗaya, inda hanya ke da aminci, mu fara gaida mai unguwa, mu nemi izinin mai gida, mu zauna a ƙasa. Ba wa'azi za mu je yi ba, ba kuma gardama ba. Za mu tambaya ne, me aka yi muku, me kuke so a gyara, sa'an nan mu yi shiru. Wataƙila abin da za su ce ya saɓa da duk abin da muka lissafa a nan, wataƙila su ce rijiya ta fi musu neman gafara, wataƙila kuma su ƙi yi mana magana sam, kuma suna da hujja. In an ba mu ruwa a moɗarsu, mu sha.

Abin da muka tattaro sai a rubuta shi da Hausa, a mayar musu su ji kafin a buga, a ajiye kofe a ɗakin karatu, a kai wa Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina nasu, tun da su ne iyayen ƙasa a Dutsin-Ma da Kurfi. Waɗanda suka yarda da wannan aiki su ba magatakarda sunayensu da na ƙauyukansu kafin a tashi, domin mu san inda za mu fara.